Fitilar Gidan Mai

Masaƙar Kakuri ta yi shiru shekarar da aka haife ki, Lantana.
Na fito da katin aiki a aljihu,
da tabon ruwan rini a bayan hannu,
da alkawarin haƙƙinmu, wanda har yau wai yana hanya.

Yanzu gadi nake a gidan mai, kan titin Kachiya.
Sanda, tocila, buta,
da benci mai ƙafa uku, ta huɗun bulo.
A layinmu wuta sai ta ga dama,
amma nan janareto ba ya gyangyaɗi,
shi ya sa bayan isha'i kike bin sawuna
da jakar da uwarki ta ɗinka da buhun shinkafa.

Ni a aji huɗu na sauka.
Abin da na iya shi ne riƙe littafin tambayoyin baya,
in danne amsa da babban yatsa.
Ki ce, "Bi." In ɗaga yatsa. Bi ce.
Ki ce, "Di." In ɗaga, in yi tari.
"Baba, tarin nan naka ya fi jan biron Malama Saratu zafi."

Sauro ya karɓi zakkarsa a ƙafafunki.
Direbobin tanka na leƙowa: "Likita, ana fama?"
Wani ya ajiye miki lemo,
wani ya ajiye dariya ya ja motarsa.

Wani dare kika juya hannuna kina kallon tabon,
kika tambayi launin da muke dafawa. Na ce shuɗi.
Sai kika faɗi sunansa,
dogon suna mai gaɓoɓi kamar rake,
kika zana shi a bayan rasit,
zobba masu kusurwa shida riƙe da hannun juna.
Shekara goma sha ɗaya ina juya shi a tukunyar ƙarfe
ban san yana da fuska ba.
Rasit ɗin yana cikin hulata.

Jarrabawar gwaji ta kayar da ke a lissafi.
Talatin da takwas.
Dare uku ba ki zo ba.
Ban yi magana ba, bencin kawai nake gogewa.
A na huɗu sai ga ki, ido a kumbure:
"Buɗe shafi na casa'in."

Kuɗin rajista kuwa,
keken ɗinkin uwarki ya tafi Kasuwar Barci
bai dawo ba.
Ta ce dama ƙafarta ta gaji da takawa.
Ƙarya take, mun sani, mun bar ta.

Ranar sakamako, a shagon kwamfuta,
sabis ya ɗauke sau biyu.
Yaron shagon ya gama bugawa, ya dubi takarda, ya dube ki,
ya ce, "Bar kuɗin."

Sannan masu tallafin karatu suka kira ki gaban teburinsu.
Takalmin Asabe kika ara, ya matse ki.
Suka ce me ya sa kimiyyar sinadarai?
Kin ce kin ba su labarin wani hannu.
Ban tambaye ki na wane ne ba.

Saƙon ya shigo ana ruwa, a wayata mai fasasshen gilashi:
kuɗin makaranta, ɗakin kwana, littattafai, shekara huɗu.
Kika karanta, na ce sake.
Kika sake, na ce ruwa ne ya hana ni ji.

Jiya motar Zariya ta tashi daga Kawo.
Ba nisa, in ji mutane, awa ɗaya ce.

Daren yau janareto na ta ruri kamar kullum.
Na goge benci, na gyara bulon.
Ɗan mai shayi na tsallaken titi, Sallau,
ya daɗe yana tsaye yana kallon fitilar,
da wani abu naɗe a ƙarƙashin rigarsa.
Na ce, "Aji nawa?"
Ya ce, "Uku."
Na matsa.